Idan kwalara ta ɓarke a gundumarku: yadda za ku sa mutanen gari cikin aikin

Takardar da ake turowa daga sakatariya idan amai da gudawa ya ɓulla ba ta rasa layi ɗaya da ke cewa a wayar da kan jama'a. Abin da aka saba yi da wannan layin kowa ya sani: a kafa rumfa a ƙofar fadar hakimi, a jera kujerun roba, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a raba ruwan leda da kuɗin mota, a watse. Rahoto ya tafi sama cewa an shigo da al'umma. A daren nan kuma wata uwa a bayan gari tana ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki yana tsiyayewa, don ta ji an ce duk wanda aka kai sansanin asibiti ba a ba da gawarsa.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko, na yi aikina a ƙananan hukumomin karkara har na ajiye. Ku da kuka gaje mu nake rubuta wa wannan, musamman jami'an sa ido kan cututtuka da shugabannin ƙananan asibitoci, don ku ne ake turawa gaba idan abu ya lalace.

Kwalara cuta ce da idan aka kama ta da wuri, cikin mutum 100 ba a rasa ko 1 cikakke. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, wato fiye da 3 cikin 100, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka kwashi fiye da rabin masu cutar. Yawancin wannan rarar mutanen da aka kawo a makare ne, ko waɗanda ba a kawo ba sam. Wanda zai yanke shawarar a fito da mara lafiya da tsakar dare maigida ne, ko uwar miji, ko maƙwabci mai babur. Idan ba su tare da ku, ledojin ƙarin ruwan da kuka jibge a asibiti sai dai su yi ta jira.

Ku san abin da ya riga ku zuwa garin

Yara da yawa cikinku suna jin haushi idan aka tarbe su da zargi, su ce jahilci ne. Ku yi hankali da wannan kalmar. A 1996, lokacin sanƙarau da ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Dattijon da ke zaune a zaure yana kallonku bai manta ba, ko da ba zai iya kawo sunan maganin ba.

Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 maganar cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa ta samu gindin zama. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, ba a dawo ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, kuma Gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a. Daga lokacin dakatarwar zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Ko bayan dawowar ma ƙofofi ba su buɗe ba, a 2006 yara fiye da 1,100 ta kama. Mu da muke bin gida-gida mun sha jin tambaya ɗaya har ta zame mana kamar gaisuwa: zazzaɓi yana kashe mana yara, mu je asibiti a ce mu sayo magani, wannan kuma ku biyo mu da shi har ɗaki kyauta, me ke ciki? Tambaya ce ta mai hankali, kuma mun daɗe ba mu da amsarta.

Abin da ya sauya lamarin, a ganina, abu biyu ne. An fara amsa wannan tambayar a aikace, ana zuwa da sabulu da gidan sauro, daga baya ana kafa 'yar rumfar duba marasa lafiya a unguwa ranar ɗigo. Sannan a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aikin ya sauko ta hakimi da dagaci har mai unguwa, shi ne yake sanin gidan da aka ƙi, shi ne yake komawa da kansa. Daga yara 388 a 2009 adadin ya faɗo zuwa 21 a 2010. Daga baya aka ɗauki matan unguwa 'yan sa-kai masu shiga gidajen suna da na haihuwa. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, a Fabrairun 2013 an harbe masu rigakafi 9 a Kano, amma a Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shan-inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar. Duk abin da zan faɗa muku a ƙasa daga wannan makarantar muka koyo shi.

Tun kafin ruwa ya sauka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Afrilu ko Mayu ku sayi littafi mai kauri, ku zaga gundumarku ƙauye-ƙauye, ku rubuta sunan da lambar wayar mutanen da labarin ciwo da mutuwa yake fara isa kunnensu. Ba manyan gari nake nufi ba tukuna. Mai kemis, domin wurinsa ake fara zuwa neman maganin gudawa, kuma shi zai lura yau mutum biyar sun zo daga layi ɗaya. Ungozoma. Wanzami. Matan da ke wankan gawar mata da mazan da ke na maza. Alaramman tsangaya, wanda yara da yawa ke kwana wuri ɗaya a hannunsa suna cin abincin gidaje daban-daban. Shugaban 'yan garuwa. Da masu haƙar kabari. A Afrilun 2020, lokacin korona, masu aikin maƙabartun Kano ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, kafin hukuma ta yarda akwai matsala. Daga baya ministan lafiya ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma rabi ko fiye da haka na iya zama korona ce.

Kada ku cika su da bayanin littafi. Abu ɗaya za ku bar musu: idan babba, ko yaron da ya wuce shekara biyu, ya kama gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, idonsa ya faɗa, ko ya rasu a kanta, a kira ku a take, ko da filashin ne. Ku kuma idan aka yi muku filashin ku kira, ko ƙarfe nawa ne. Mutum ɗaya ya kira sau biyu ba a ɗauka ba, ya daina, kuma zai gaya wa sauran. Lambar NCDC ta kyauta, 6232, ku rubuta musu ita a bangon kemis, amma ku sani ɗan ƙauye ya fi son ya kira muryar da ya sani.

Mai kemis yana buƙatar lallashi na musamman. Yawancinsu suna tsoron ku don suna sa wa mutane ƙarin ruwa a bayan shago, abin da ba hurumin su ba ne. Idan kuka shiga masa da fuskar kamawa, zai rufe baki, marasa lafiya kuma za su ci gaba da kwanciya a bayan shagon. Ku ajiye maganar lasisi zuwa wata rana. Ku ba shi ƙullin gishiri da sukari na asibiti, ku nuna masa alamomin wanda dole a wuce da shi.

Ranar da abin ya faru

Kada motarku ta tsaya a ƙofar gidan mara lafiya kai tsaye. Mota mai tambari da mutane sanye da safar hannu da takunkumi a ƙofar gida, kafin la'asar an sa wa gidan suna, 'yar gidan mai tallar awara ba mai sayen kayanta, gida na gaba kuma sun ɗauki darasi: su ɓoye nasu. Ku fara da hakimi ko da ta waya ne, shi zai sanar da dagaci, dagaci ya haɗa ku da mai unguwa. Wannan ba ya cin awa guda idan kun riga kun san juna. Mutum ɗaya daga cikinku ya wuce wurin mara lafiya da ruwan gishiri da sukari a jaka, da ƙafa, tare da wani ɗan unguwa, sauran su yi gaisuwa.

A gaban dagaci ku cire takalmi, ku zauna ƙasa, ku bari a gama gaisuwa. Sannan ku faɗi gaskiya gajeriya: ranka ya daɗe, mutum kaza sun kwanta, muna zaton kwalara ce, mun ɗauki samfuri, ta ruwa da abinci take yaɗuwa, tana da magani kuma kyauta ne. In ba kyauta ba ne kada ku ce kyauta ne. Daga nan ku yi shiru ku yi tambaya. Ina ake ɗiban ruwa tun da famfon makaranta ya lalace? An yi biki ko suna ko zaman makoki a makon nan? Wace rana ce kasuwa? Wa ya dawo daga tafiya? Na ga inda muka yi ta zana taswira muna neman tushen cuta, wani tsoho da ke gefe ya ce ai duk waɗanda kuka lissafa sun ci abinci a sadakar ukun gidan wane. Ba wanda ya tambaye shi tun farko.

Abin da aka faɗa a zaure rabin labari ne. Ruwa da girki da wankin kashin yara da jinya duk a cikin gida suke, inda namiji baƙo ba ya shiga. Tawagar da ba mace a cikinta ba ta ga komai ba. Mace ta shiga ta zauna a tabarma, ta dubi randa. Sau da yawa ruwan rijiyar lafiyarsa ƙalau, a randar yake lalacewa: moɗa ɗaya, yaro ya fito daga bayan gida ya tsoma ta har wuyan hannu, ya sha, ya ajiye ta a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa. Ta dubi kwanon wanke hannu da mutum shida ke tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo. Gyaran nan ba ya buƙatar kasafin kuɗi: moɗa mai dogon hannu a rataye, murfi a kan randa, a zuba wa juna ruwa da buta ana wankewa da sabulu ko toka. Amma uwargida ce za ta ce a yi, don haka da ita za a yi maganar, ba da amarya ba.

Ku ba su aiki na gaske

Mutane suna gane bambancin wanda aka kira ya saurara da wanda aka danƙa wa abu a hannu. A kowace unguwa ku nemi zaure ɗaya da mai shi ya yarda, a ajiye bokiti mai murfi da famfo, da kofuna, da ƙullin gishiri da sukari, a hannun mutum biyu da unguwar ta zaɓa, mace da namiji. Duk wanda gudawa ta kama ya fara sha a nan kafin a samo abin hawa. Idan ƙullin ya ƙare a haɗa na gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ku sa su haɗa a gabanku su ɗanɗana, domin hannun mutanenmu yana da nauyi wajen gishiri, kuma idan ya yi yawa illa ne ga yaro. Yara a ƙara musu ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Wanda ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko ya fara fita hayyacinsa, babu jira. Ku zauna da shugaban 'yan acaɓa ko masu a-daidaita-sahu a tsayar da wanda za a taso da dare da kuɗin da za a ba shi, tun kafin a buƙace shi.

'Yan garuwa su ne aka fi zalunta a irin wannan lokaci. Da an ce ruwa ne, sai a hau su da kame da fasa jarkoki, su kuma su koma ɗiba da asuba a inda ba mai ganinsu. Ku kira shugabansu ku ba su aikin: mutum ɗaya a bakin kowace rijiya ko burtsatse yana zuba kulorin daidai awo a kowace jarka, a jira minti 30 kafin a sha. Za a yi ƙorafin wari da ɗanɗano, wasu za su ce maganin hana haihuwa ne aka sake dawowa da shi ta ruwa. Amsar da na ga tana aiki ita ce ku ɗebi kofi ku sha a gabansu, mai unguwa ya sha, liman ya sha.

Idan ta kama a rufe rijiya, kada ku rufe da kanku, kuma kada a rufe sai an nuna wa mutane inda za su ɗebo. Ku kai dagaci da masu unguwa bakin rijiyar su ga yadda masai yake kusa da ita, ko yadda ruwan kwata ke gangarowa ciki. Su yanke, su sanar. Rijiyar da hukuma ta rufe, da dare ake buɗe ta.

Gawa

Nan ne aka fi ɓatawa, kuma nan ne ɓatawar ba ta gyaruwa da wuri. Gawar mai kwalara tana ɗauke da cutar, masu wanka suna iya kwasa, musamman idan daga wankan suka wuce wurin girkin makoki. Amma ranar da kuka hana mutane yi wa mamacinsu sutura, kun gama aiki a garin. A Gini, Satumban 2014, lokacin Ebola, mutanen ƙauyen Womey sun kashe mutum 8 daga tawagar da ta je faɗakarwa. Binne gawa cikin leda ba tare da dangi sun gani ba yana cikin abin da ya hura wutar ƙiyayya a ƙasashen da Ebola ta shafa, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da malaman Musulunci da na Kirista ta fitar da sabon tsari a ƙarshen shekarar, wanda ya yarda da taimama da likkafani da sallar gawa.

Kwalara ba ta kai Ebola tsanani a wannan fannin ba, don haka kuna da sarari. Ku tara liman da masu wankan gawa, maza daban mata daban, ku ce musu ga inda haɗarin yake, ku kuka san hukuncin wanka, ta yaya za mu haɗa biyun? Abin da akan daidaita a kai: masu wanka kada su wuce biyu ko uku, su sa safar hannu da leda a gaba, a yi amfani da ruwan kulorin mai ƙarfi na kashi 2 cikin 100, a toshe kafofin jiki da audugar da aka jiƙa da shi, a zubar da ruwan wankan a rami nesa da rijiya, a jiƙa shimfiɗa da tufafin mamaci a kulorin ko a tafasa su. Wanda ya yi wanka ya wanke hannu da sabulu sosai, kuma kada ya taɓa abincin jama'a a ranar. Gaggauta binnewa da sa auduga dama al'adarmu ce, ba sabon abu kuka kawo ba. Kayan kuwa a hannun masu wankan za ku bar su, domin ba za a jira ku da gawa ba. Abincin zaman makoki liman ne zai iya cewa a taƙaita, ku ba za ku iya ba.

Game da liman, ku je masa kafin Juma'a, a gidansa, ba a taro ba. Kada ku rubuta masa huɗuba, ya fi ku sanin hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa ko fita daga cikinsa, ya kuma san labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham. Abin da ba shi da shi bayanin cutar ne: ta ina take shiga, me za a yi a awa ta farko, ina za a kai mutum. A 2017, ana tsakiyar sanƙarau da ya kashe mutum fiye da 1,100, gwamnan Zamfara na lokacin ya danganta cutar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ce a nemo rigakafi. Duk inda aka maƙala wa cuta abin kunya, ɓoye ta ake yi, wannan ma ku roƙi liman ya taɓa shi.

Jita-jita kuwa ku sa matan unguwa su riƙa kawo muku ita kullum da yamma kamar yadda ake kawo adadin marasa lafiya. Waɗanda suka isa hankali a Agustan 2014 sun tuna daren da aka yi ta tashin mutane a waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha don Ebola, har aka rasa rayuka. Yanzu da WhatsApp abin ya fi sauri. Ku amsa a ranar, da saƙon murya na wanda garin ya san muryarsa, da mai shela bayan magariba. Takarda mai rubutun boko ba ta isa inda ake buƙata.

Kuɗi, da waɗanda ake mantawa

Da an ji akwai alawus, jerin 'yan sa-kai zai cika da ƙannen masu siyasa da ba su taɓa kwana a unguwar ba. Maganinsa a karanta sunayen a fili a gaban mai unguwa da jama'a. Ku faɗi nawa ne, yaushe za a biya, kuma idan ba ku da tabbas ku ce ba ku da tabbas. Na san garin da aka yi wa mata alkawari ba a cika ba, da wata cutar ta zo bayan shekaru ba wadda ta fito, kuma ban ga laifinsu ba.

Sannan ku tambayi kanku wanene ba ya ƙarƙashin mai unguwar da kuka gaisar. Rugar Fulani ta ardo ake shiga, kuma su ne suka fi shan ruwan tafki. Unguwar Kiristoci tana da fasto da shugabar zumuntar mata. Akwai 'yan gudun hijira da ke kwana a makaranta ko kangon gini, akwai 'yan ci-rani a tasha. Kwamitin lafiya na gunduma yakan manta da su, cutar kuma takan daɗe a cikinsu bayan an ce ta lafa.

Idan ta lafa ɗin, ku koma zauren dagacin da kuka fara zama, ku kira duk waɗanda ke cikin littafinku. Ku gaya musu mutum nawa suka kamu, nawa suka warke, nawa aka rasa, me gwajin ruwa ya nuna. Ku yi ta'aziyya gida-gida tare da mai unguwa. Ku tambaye su me ya ba su haushi a aikinku, ku rubuta. Maganar gyaran famfo ko haƙa masai da suka kawo, ku sa ta a rahotonku, ku ba kwamitin gunduma kwafi su bi ta sakatariya da kansu. Ragowar kulorin da safar hannu da ƙullin gishiri da sukari a ƙirga a gaban kowa, a rubuta ranar da za su lalace, a bar wani kaso a hannun masu wankan gawa da masu zauren, sauran a mayar asibiti. Idan aka yi muku canjin wurin aiki, littafin lambobin ku miƙa shi hannu da hannu ga wanda ya gaje ku, ku kuma zaga da shi ya gaisa da mutanen da ke ciki.